Tarihin Kalmar Sukola da 'Yarta Sukolashif

A cikin kalmomin Ingilishi da suka shigo bakin Hausawa, akwai wadda ta fi sauran daɗin ji a kunnen uban da ba shi da hali, ita ce sukolashif. In an ce ɗan wane ya sami sukolashif, kowa ya san abin da a ke nufi, watau hukuma ko wani mai arziki ya ɗauke wa uban yaron nauyin karatunsa, da kuɗin makaranta da na abinci da na littattafai, wani lokaci har da kuɗin jirgi. Sai maƙwabta su yi ta zuwa barka. Amma da za ka tsai da mutum goma cikin masu barkan nan ka tambaye su inda kalmar ta fito, da wuya ka sami ɗaya da zai ba ka amsa. Ga shi kuwa kalma kamar mutum ta ke, tana da iyaye da kakanni da garin haihuwa. Wannan ta yi tafiyar shekara fiye da dubu biyu kafin ta iso mana, ta kuma sake kama sau da yawa a hanya.

Turawan Ingila suna rubuta ta scholarship, ita kuwa 'ya ce ga wata kalma, scholar, wadda kuma 'yar'uwa ce ga school, watau makaranta. Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, saboda haka muka sa mata wasali muka ce sukola, kamar yadda muka yi wa sikeli da sito. Harafin p na ƙarshe kuma muka mai da shi f, yadda muka yi wa fensir da fasinja. Daga nan gaba za mu riƙa kiransu da sunan da bakinmu ya ba su.

Asalinta a ƙasar Yunan

Kakar waɗannan kalmomi duka Bayunaniya ce, sunanta skhole. Abin mamaki, ma'anarta ta fari ba ta da ko ƙanshin allo ko alƙalami. Ma'anarta hutu, ko sukuni, watau lokacin da mutum ba shi da wani aikin da ya tsare shi. Har in Yunanawa za su ce aiki ko hidima, sai su liƙa wa kalmar nan harafin korewa su ce askholia, watau rashin sukuni.

To, yaya aka yi hutu ya zama karatu? Dalilin yana cikin zaman mutanen birnin Atina. Manyan 'ya'yan gari a can suna da bayi masu yi musu noma da haƙar azurfa da aikin gida, mata kuma suna tsare da saƙa da girki. Maigida sai ya wayi gari ba abin da ya dame shi, ya fita dandali ko filin motsa jiki, ya tarad da irinsa, su zauna a inuwa suna muhawara a kan mene ne adalci, mene ne jaruntaka, wane irin mulki ya fi kyau. Mashahurin mai irin wannan muhawara shi ne Sukurat, wanda mutanen garinsu suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Almajirinsa Aflatun ya kafa zauren karatunsa a wata kurmi da ke bayan gari wajen shekara ta 387, almajirin Aflatun kuma, Aristatalis, wanda ya koyar da Iskandar sarkin Makidoniya, ya kafa nasa wajen shekara ta 335. Shi Aristatalis a ganinsa sukuni ya fi wahalar aiki daraja, in dai an ɓad da shi wajen neman sani.

Sannu a hankali sai kalmar ta zame. Da fari sunan lokacin ne, sa'an nan ta zama sunan zancen da a ke yi a lokacin, daga bisani ta zama sunan wurin da a ke taruwa a yi zancen. Wannan ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. Ai mu ma mun san da damina manomi ba shi da ta kansa, sai an kai amfani gida, rani ya shigo, sa'an nan tsangaya ta kan cika, malami ya ɗebi almajiransa su tafi gabas, magidanta kuma su sami zama gaban malamin zaure da littafinsu. Sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Daga Rum zuwa Ingila

Rumawa sun ci ƙasar Yunan da yaƙi, suka rushe birnin Korinti a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, amma wajen ilmi sai suka koma almajiran waɗanda suka ci. Suka ari kalmar suka ce schola. Su da ma suna da tasu kalmar ta makarantar yara, ludus, wadda ita ma ma'anarta wasa. Harafin h ɗin nan da a ke rubutawa ba a faɗarsa, nan ya samo asali. Yunanawa suna da wani harafi mai kama da k da a ke furtawa da huci, Rumawa ba su da shi, sai suka haɗa c da h suka tsaya a madadinsa.

A hannun Rumawa kalmar ta ƙara faɗi, har ta zama sunan kowace ƙungiya ta mutane masu sana'a ɗaya da ke da ɗakin taronsu. Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337, ya kafa rundunar dawaki masu tsaron fadarsa aka kira ta da wannan suna, kowane ɗaya cikinsu kuwa scholaris. Ka ji fa, akwai zamanin da in an ce sukola, dogari a ke nufi, mai mashi da garkuwa.

Kalmar ta ƙetare teku zuwa Ingila tare da limaman Kirista. A shekara ta 597 wani limami mai suna Agustin ya sauka a Kantabari, Fafaroma ne ya aiko shi. Littattafan addininsu da harshen Latin a ke rubuta su, saboda haka dole a kafa makarantu jikin majami'u a koya wa yara Latin. Ingilishi suka ji limamai suna cewa schola, sai suka ce scol, mai karatu a cikinta kuma scolere. Sarki Alfred, wanda ya yi sarauta daga 871 zuwa 899, ya tarad da hare-haren mutanen arewacin Turai sun kusa kashe karatu a ƙasarsa, sai ya kafa makaranta a fadarsa, ya kuma sa aka juya waɗansu littattafai daga Latin zuwa harshen da talakawansa ke ji. Bayan 1066, da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila, suka zo da tasu, escoler, ta gamu da ta gida suka narke wuri ɗaya. Shekaru aru-aru ana rubuta ta ba h, sai daga baya masana masu son kome ya yi kama da Latin suka mai da harafin. Shi ya sa har yau ya ke zaune a tsakiyar kalmar kamar baƙon da ba a yi masa magana.

Sukola da mutanen gari

A ƙarni na 12 da na 13 manyan makarantu suka taso a Turai, a Bolonya da Faris da Okasfod, sa'an nan Kambirij a 1209. Malamai da masu ɗaukar karatu suka haɗa kai suka yi ƙungiya kamar ta maƙera ko ta masaƙa, don su tsare haƙƙinsu. A zamanin nan sukola shi ne saurayin da ya baro garinsu ya zo neman ilmi, yawanci ba shi da ko anini, yana kwana ɗakin haya, wani ma da bara ya ke ci. Ashe dai almajiri ne, sunan ne ya bambanta. Mu mun ciro sunan namu daga hijira, don almajiri asalinsa Larabci ne, al-muhajir, su kuwa sun ciro nasu daga hutu.

Zaman almajiran nan da 'yan gari bai cika daɗi ba, don almajirai suna ƙarƙashin shari'ar majami'a, alƙalin gari ba shi da iko sosai a kansu. Ran 10 ga Fabrairu, 1355, waɗansu almajirai a Okasfod suka shiga wani gidan giya, suka ce abin da aka kawo musu ba shi da kyau. Magana ta yi tsawo, suka jefi mai gidan da tulun a ka. Nan da nan aka buga ƙararrawar majami'ar gari, 'yan gari suka fito da baka da kibiya, aka buga ta jami'a, almajirai suka fito. Mutanen ƙauye suka kwararo suka taimaki 'yan gari. Kwana uku ana yi. Da ƙura ta lafa aka ƙidaya mamata, wajen 63 daga ɓangaren jami'a, wajen 30 daga na gari. Sarki Edward na 3 ya bai wa jami'a gaskiya. Aka ɗora wa magajin gari da manyansa cewa kowace shekara in ranar ta kewayo su zo majami'a su biya kwabo guda a kan kowane almajirin da aka kashe. Haka suka yi ta biya har 1825, watau shekara 470, ba a kuma yi bikin sulhu ba sai 1955. Ranar da aka yi faɗan nan kuwa, a lissafin Kirista ranar wata waliyyiyarsu ce mai suna Sukolastika, wadda sunanta ma daga wannan tushe ya fito.

Yadda kuɗi ya shiga cikin maganar

Tun da karatu yana bukatar sukuni, ɗan talaka kuwa ba shi da shi, sai waɗansu masu hali suka ga ya kamata su saya masa. A 1264 Walta na Maton, wanda ya riƙe babban muƙami a fadar Ingila, ya yi waƙafin gonakinsa don a riƙa ciyad da almajirai masu karatu a Okasfod. A 1382 babban limamin Winchesta ya kafa makaranta don yara matalauta 70. A 1440 Sarki Henri na 6 ya kafa ta Iton, ita ma don yara matalauta 70. Yaran da a ke ciyarwa daga waƙafi su a ke kira sukola, don a bambanta su da waɗanda iyayensu ke biya. Duniya mai yayi, Iton ɗin nan da aka gina don 'ya'yan talakawa ita ce ta koma makarantar 'ya'yan sarakuna da attajirai, firayim ministocin Ingila da yawa a can suka yi karatu. Amma har yanzu akwai gurabe 70 ɗin nan, ana shigarsu ta hanyar jarrabawa, ana kiran masu su sukololin Sarki.

Wannan dabara ba Turawa kaɗai suka san ta ba. A Bagadaza waziri Nizamul Mulki ya gina makarantar Nizamiyya a ƙarni na 11, ɗalibanta suna cin abinci daga waƙafi. A ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, inda 'yan ƙasarsu masu neman ilmi da alhazai ke sauka. A ƙasar Hausa kuwa waƙafin almajiri shi ne akushin da uwar ɗakinsa ke zuba masa tuwo kowane dare.

Wutsiyar kalmar, watau shif, ba ta da dangantaka da jirgin ruwa ko da ya ke rubutunsu ɗaya ne a Ingilishi. Ɗafi ne da a ke liƙa wa suna don a nuna hali ko matsayi, kamar yadda mu ke cewa aboki, abokantaka, ko malam, malanta. Cikin ƙarni na 16 aka liƙa wa sukola shi, tun daga lokacin kuma sukolashif ta ke ɗauke da ma'ana biyu. Ta ɗaya, matsayin almajirin waƙafi da kuɗin da a ke ba shi. Ta biyu, zurfin ilmi da kyawun bincike, watau malanta. In Bature ya karanta littafi ya ce akwai sukolashif a cikinsa, yana nufin mai littafin ya bi asali, ya gwada wannan ruwaya da waccan, bai faɗi abin da ba shi da hujja ba. Mu Hausawa ma'anar kuɗin kaɗai muka ara, muka bar musu ɗayar.

'Yan'uwanta

Kalmar tana da dangi da yawa. Ɗan bayanin da malamai ke rubutawa a gefen tsohon littafi, wanda malamanmu ke kira hashiya, Turawa suna ce masa scholium. Malaman Kirista na tsakiyar zamani irin su Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, waɗanda suka karanta Aristatalis tare da sharhin Ibn Rushdi da aka juya zuwa Latin, ana kiran hanyar karatunsu da wani suna daga tushen nan. In Bature zai ce mazhabar Malikiyya, da kalmar makaranta ya ke faɗa, don a wurinsu duk waɗanda suka bi koyarwar malami ɗaya 'yan makaranta ɗaya ne, ko ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Sai dai a yi hattara da guda. Ingilishi suna kiran garken kifi da kalma mai rubutu daidai da na makaranta, amma wannan daga harshen mutanen Holan ta zo, ma'anarta taro. Kama ce kawai, ba jini.

A bakin Faransawa schola ta zama école. 'Yan'uwanmu na Nijar suka ji ana cewa l'école, suka haɗiye ta da harafin gabanta suka ce lakwal, daidai yadda kakanninmu suka yi wa al-kitab ya zama littafi, al-aib ya zama laifi. Jamusawa suna cewa Schule, daga gare su mutanen Tanganyika suka sami shule a harshen Suwahili. Tonawa a Gana suna cewa sukuu. Ashe lakwal ta Maraɗi da sukolashif ta Kano jikokin tsohuwa ɗaya ne, ta Ingila ɗaya ta biyo, ɗaya ta Faransa, suka sake gamuwa a bakin Bahaushe ba su san juna ba.

Ma'anarta a bakin talakan Ingila

Yau in an ce wane sukola ne, galibi ana nufin gwani, mutumin da ya ƙare ransa cikin fanni guda har ya zama abin tambaya, musamman a tarihi ko harshe ko addini ko shari'a. A 2004 ma kamfanin Google ya buɗe wata taska ta neman rubuce-rubucen masana a intanet, ya sa mata suna Google Scholar. Amma a da kalmar ta fi haka sauƙin kai. Ta haɗa kolo da gardi da alaramma cikin suna ɗaya. A ƙarni na 19, in akawun ƙidayar jama'a a Ingila ya shiga gida ya tarad da yaro mai zuwa makaranta, a gurbin sana'a sai ya rubuta masa sukola, ko da shekararsa shida.

Akwai kuma wata ma'ana da ta fi kusa da mu. Ingila ba ta yi dokar kafa makarantun elementare ko'ina ba sai 1870, ba ta tilasta kai yara ba sai 1880, ba ta kuma ɗauke wa yawancin iyaye biyan kuɗi ba sai 1891. Kafin nan manoma da leburori da yawa ba su iya sa hannu ba, sai dai su yi alama. A bakin irin waɗannan mutane, sukola shi ne duk wanda ya iya karatu da rubutu. Baƙauye in an miƙa masa takarda ya kan mayar ya ce shi ba sukola ba ne, a nemi wani ya karanta masa. A 1798 aka buɗe ajin manya a garin Notingam, inda mata ma'aikatan saƙa ke zuwa ran Lahadi, ranar hutunsu ɗaya tak, suna koyon karatu da rubutu. Irin waɗannan azuzuwa suka yaɗu a ƙasar, masu zuwa cikinsu kuwa, da tsoho da tsohuwa, sukola a ke kiransu. Gemu ba ya hana ilmi, a can ma haka ne.

Sukolashif a zamanin kusa

Sukolashif da ta fi suna a duniya ita ce wadda Sesil Rodis ya bari cikin wasiyyarsa da ya mutu a 1902, don a riƙa kai samari Okasfod. Dukiyar daga ramukan lu'ulu'u da zinariya na kudancin Afirka ta fito, inda baƙaƙen mutane suka yi haƙa cikin wahala da wulaƙanci. Ba a fara ba mata ita ba sai 1977, a 2015 kuma ɗaliban jami'ar Keftawun suka tayar da magana har aka ɗauke gunkinsa daga harabar makarantarsu. Amurka ta kafa tata mai sunan Fulbright a 1946, ƙasashen Kwamanwel kuma suka shirya tasu a 1959.

Ta wannan ƙofa kalmar ta shigo Arewa. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauchi, zuwa sashen horad da malamai na jami'ar Landan. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sawu. Duka biyunsu suka komo gida suka shiga hidimar jama'a, kowa ta hanyar da ya ga ta fi, na farkon ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Daga baya gwamnatoci suka kafa hukumomi musamman don wannan aiki, dubban 'ya'yan manoma suka zama likitoci da injiniyoyi da alƙalai ta dalilinsu.

To, jama'a, duk inda muka bi kalmar nan mun ga abu ɗaya yana bin ta, watau wani ne ke yin gumi kafin mai karatu ya sami zama. A Atina bawa ne, a Maton mai noman gonar waƙafi ne, a wajen Rodis mai haƙar rami ne, a wurinmu kuwa mai biyan haraji ne da uwar da ta sai da akuyarta. Saboda haka yaron da ya sami sukolashif ya sani bashi ya ci. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In ya karɓi ma'anar kuɗin ya ƙi ta malantar, ya ci rabin kalma ya zubad da rabi, ya kuma tare gurbin da wani zai amfana.

Kai kuwa da ka gama ajin yaƙi da jahilci, ba wanda ya saya maka sukuni. Kai ka yanko shi daga hutunka, bayan ka taso daga gona ko kasuwa, ko ke bayan kin sauke tukunya. A ma'aunin talakan Ingila na da, tun ranar da ka karanta wasiƙarka da kanka ka zama sukola. Abin da ya rage shi ne kada ka bar allon ya bushe. Ka keɓe ko rabin sa'a ne kullum, ka karanta abin da ya zo hannunka, ka riƙa duba littafin yaranka in sun komo daga makaranta. In kuma ka ji an yi shelar jarrabawar sukolashif, ka je da kanka ka karanta sharuɗɗan, ka cika wa ɗanka ko 'yarka takardar da hannunka. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.